Ra'ayi: Kafin ɗan Diffa ya ƙara kuɗi a kan kat-kat mai gazuwal, ya sake lissafi

Duk wanda ya taɓa neman babbar mota ta hannu a Nijar ya san maganar da dillalai ke rufe ciniki da ita: wannan mai gazuwal ce, ba ta shan mai, injinta ba ya mutuwa. Da wannan magana ake ɗora wa mai saye ƙarin kuɗin da kan kai miliyoyin sefa a kan motar da shekarunta da jikinta ɗaya suke da na 'yar uwarta mai fetur. Mai saye kuma yakan biya ba tare da musu ba, domin tun yana yaro yake jin haka daga bakin direbobi.

A jihar Diffa maganar ta fi kama jiki. Matasan da suka samu abin hannu a kasuwanci ko a aikin ƙungiyoyin agaji suna mafarkin kat-kat, wato motar da 'yan Najeriya ke kira jif. Haka ma 'yan jihar da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Saudiyya, Faransa ko Beljiyam, waɗanda ke tara kuɗi shekara da shekaru don su saya wa gida motar da za ta kai mara lafiya asibiti, ta ɗauko amfanin gona, ta kuma riƙa kawo ɗan kuɗin cefane. Sau da yawa a WhatsApp ake gama cinikin, da hotuna da gajeren bidiyon inji yana aiki.

Ga mafi yawan waɗannan masu saye, ƙarin kuɗin gazuwal, wanda a Najeriya ake ce wa dizal ko man gas, bai cancanta ba a yau. Ya cancanta ne ga mutum ƙalilan da motarsu za ta riƙa aikin rairayi da kaya kusan kullum, kuma a kan wani irin inji takamaimai. Dalilan suna cikin farashin lita, da irin motocin da ake kawowa, da halin tsaron yankin.

Inda gazuwal ya samo sunansa

Sunan bai zo a banza ba. Kwalta a jihar Diffa kusan hanya ɗaya ce, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso, Birnin Konni, Maraɗi, Damagaram, Gure da Maine Soroa, ta ratsa Diffa ta wuce N'Guigmi. Daga Yamai zuwa Diffa kilomita fiye da 1,300 ne. Da zarar mota ta sauka daga wannan hanya ta nufi Bosso, Tumur, Yebi ko ƙauyukan bakin Komadugu, sai rairayi da laka. Wanda ya nufi arewa wajen N'gourti kuwa tulin yashi ne a gabansa har inda ido ya tsaya.

A irin wannan ƙasa injin gazuwal yana da fifiko na gaske. Ƙarfin jansa yana zuwa tun yana juyawa a hankali, don haka mota mai nauyin buhunan tattasai ko kwalayen bandar kifi tana iya fita daga yashi a giyar taimako ba tare da an yi ta ba ta wuta ba. Kuma litar gazuwal tana kai mota nesa fiye da litar fetur, abin da ke da muhimmanci a inda gidan mai na gaba ke da nisan yini guda.

Motar da ta gina wannan suna ita ce Toyota Land Cruiser mai inji 1HZ, wanda aka fara ƙerawa a 1990: lita 4.2, silinda shida, babu turbo, famfon mansa na ƙarfe ne zalla ba tare da kwamfuta ba. Ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, ba shi da gudu, amma makaniki a N'Guigmi zai iya kwance shi ya mayar da kayan aikin da ke cikin akwatinsa. Shi ya sa sojoji, asibitoci da ƙungiyoyin agaji suka riƙe shi shekara fiye da 30.

Akwai kuma dalili na biyu da mutane ke mantawa. Har zuwa tsakiyar 2022, litar gazuwal a gidajen man Nijar sefa 538 ce, ta fetur 540. Farashin kusan ɗaya ne, don haka duk litar da injin gazuwal ya rage riba ce tsantsa a aljihun mai mota. A wancan zamani dillalin da ya ce a ƙara kuɗi yana da gaskiya.

Farashin lita ya sauya lissafin

A ranar 1 ga Agustan 2022 gwamnati ta ɗaga farashin gazuwal daga 538 zuwa 668, ta bar fetur a inda yake. Wannan ƙari na cikin abubuwan da suka haifar da gamayyar ƙungiyoyin farar hula ta M62. A watan Yulin 2024 hukumomin soja sun rage farashin duka biyun: fetur ya koma 499, gazuwal 618. An samu sauƙi, amma tazarar ta tsaya a sefa 119 a kowace lita. Ma'ana gazuwal ya fi fetur tsada da kusan kashi 24 cikin 100.

Wannan adadi shi ne ginshiƙin maganar, domin abin da injin gazuwal ke ragewa a yawan litoci, idan aka kwatanta motoci masu girma ɗaya, yawanci tsakanin kashi 20 ne zuwa 30 cikin 100. Abin da aka samu a tanki ana mayar da mafi yawansa a wurin biyan kuɗi.

A ɗauki misali da farashin Yulin 2024. Idan kat-kat mai gazuwal tana shan lita 10 a kilomita 100 a kan kwalta, sefa 6,180 ke nan. Idan takwararta mai fetur tana shan lita 13, sefa 6,487 ke nan. Bambancin sefa 307 ne. Mai motar da ke yin kilomita 20,000 a shekara, wanda ya yi daidai da zuwa Damagaram da dawowa sau 20 da ɗoriya, zai rage sefa 61,400 a shekara. Idan ya ƙara miliyan biyu wajen saye, sai ya yi shekara fiye da 30 kafin kuɗinsa su dawo. Motar hannu da ta riga ta yi shekara 12 a Turai ba za ta kai wannan lokaci ba.

A sauya misalin zuwa aikin daji. Mota ɗauke da kaya a cikin yashi, mai gazuwal ta sha lita 15, mai fetur ta sha 22. Kuɗin ya zama 9,270 da 10,978, bambancin sefa 1,708 a kilomita 100. Idan motar haya ce da ke yin kilomita 40,000 a shekara tsakanin kasuwanni, ragin ya haura sefa 680,000, kuma miliyan biyun za su dawo cikin shekara uku. Kowa na iya sa nasa alƙaluman a wannan lissafi, amma sakamakon ba ya canja hanya: riba tana ga mai tafiya da yawa a ƙasa mai wuya. Ma'aikacin da motarsa ke zirga-zirga tsakanin gida, ofis da kasuwar Diffa, sai kuma tafiyar salla zuwa Maine Soroa, ba ya cikin wannan sahu.

Lissafin ma bai haɗa da kula da mota ba. Injin 1HZ yana ɗaukar baƙin mai kusan lita 10 a duk juye, alhali injin fetur mai lita 2.7 da ke cikin Hilux da Prado ba ya kai lita 6. Matatar man gazuwal tana buƙatar canji akai-akai saboda ƙura da ruwa. Batirinsa ya fi girma, wasu ma biyu ne. Injinan gazuwal na Toyota irin 1HZ da 1KD da 2KD suna da bel ɗin taimin da dole a canja a kan lokaci, in ya tsinke inji ya lalace, yayin da na fetur mai 2.7 sarƙa gare shi.

Gazuwal iri biyu ne

Babban kuskuren masu saye shi ne ɗaukar duk mai gazuwal a matsayin jikar waccan Land Cruiser. Mafi yawan kat-kat ɗin da ake saukewa daga jirgin ruwa a Kwatano da Lome, waɗanda aka ƙera wa kasuwar Turai daga shekarun 2000 zuwa yau, wani iri ne daban. Kwamfuta ce ke sarrafa feshin mansu, a ƙarƙashin matsin da ya ninka na tsohon inji sau da yawa. A motocin Toyota ana rubuta D-4D a jikinsu. An ƙera su ne don man Turai, wanda tun 2009 doka ta taƙaita sinadarin sulfa a cikinsa zuwa kashi 10 cikin miliyan, kuma ake sha daga famfo mai tsabta.

Ramukan injekta na irin wannan inji sirara ne ƙwarai. Ɗan ruwa ko ƙasa a cikin mai ya isa ya cinye su tare da famfon. A birni, inda ake shan mai a gidan mai, haɗarin da sauƙi. A ƙauyukan bakin kogi kuwa, inda man ke zuwa a jarka ko duro daga hannun 'yan ruwa-ruwa, ya kwana a rana da ƙurar hunturu, babu wanda zai ba da tabbacin abin da ke ciki. Tsohon inji zai yi tari ya wuce. Sabon zai kunna fitila a gaban direba ya rage ƙarfi, ko ya tsaya cak.

Daga 2009, ƙa'idar hayaƙi ta Euro 5 ta sa motocin gazuwal na Turai suka zo da matatar da ke tare toka a bututun hayaƙi, wadda makanikai ke kira FAP ko DPF. Matatar tana wanke kanta ne idan mota ta yi doguwar tafiya da zafi. Motar da ke yawon cikin gari a gajerun tafiye-tafiye tana toshe ta. Daga 2015 kuma, a ƙarƙashin Euro 6, da yawa sun ƙara da tankin wani ruwa mai suna AdBlue, wanda idan ya ƙare kwamfutar motar ke hana ta tashi. Mafitar da ake bi a garejinmu na Afirka ta Yamma ita ce cire waɗannan kaya a sauya lissafin kwamfutar. Idan aikin ya yi kyau motar tana tafiya da hayaƙin da aka hana ta fitarwa a Turai. Idan bai yi kyau ba, mai motar ya shiga zaryar gareji.

Ba haka kawai waɗannan motoci suka yawaita a kasuwa ba. Bayan badaƙalar hayaƙin kamfanin Volkswagen a 2015, birane irin su Faris, Brasels da Antwerp sun kafa yankunan da tsofaffin motocin gazuwal ba sa shiga, masu su suka riƙa rabuwa da su. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi karɓa. Motar da mai ita a Beljiyam ya sayar da araha don ta zame masa kaya, ita ce ake neman ɗan Diffa ya biya ƙari a kanta saboda sunan da wata mota daban ta yi.

Sai batun gyara. Makanikan Diffa sun ƙware a tsofaffin injina, kuma kayan gyaran Hilux da Land Cruiser ba sa wuyar samu. Amma gwajin injekta na zamani yana buƙatar na'ura ta musamman, kuma sau da yawa sai an aika kayan Damagaram, Yamai ko Kano, inda kasuwar Ƙofar Ruwa take. Damagaram kaɗai kilomita fiye da 450 ce daga Diffa. Ga motar haya, kowane mako a gareji asara ce a kan asara. Motocin fetur da ake kawowa daga Amurka, irin su RAV4, Highlander da 4Runner, da kuma Hilux mai 2.7, ba su da wannan matsala sosai, domin injinsu ya yi kama da na ƙananan motocin da kowane gareji ya saba da su.

Hujjar masu gazuwal

Akwai hujja ɗaya mai ƙarfi da bai kamata a raina ba, ita ce samuwar man. Ɗanyen man Nijar daga Agadem yake fitowa, a cikin jihar Diffa kanta, ya bi bututu zuwa matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Matatar tana fitar da gazuwal fiye da fetur, har ƙasar ke sayar wa maƙwabta. A Afrilun 2024 Nijar ta ƙulla yarjejeniyar ba Mali lita miliyan 150 na gazuwal don samar da wutar lantarki.

Fetur kuwa labarinsa daban. Shekaru da dama garuruwan kan iyaka, daga Konni har Diffa, suna rayuwa ne da fetur mai araha da ake shigowa da shi daga Najeriya. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan araha ta ƙare, jama'a suka koma gidajen mai, buƙata ta fi ƙarfin abin da SORAZ ke tacewa. A watan Maris na 2025 aka ga dogayen layukan fetur a Yamai da sauran manyan birane. Mai motar gazuwal yana da dalilin cewa shi ya fi kwanciyar hankali a irin wannan rana.

Wannan hujja tana da nauyi ga motar asibiti, ga mai jigilar kaya da ya ɗauki alƙawarin kasuwa, ga wanda tafiyarsa ba ta jira. Ga mai motar gida, ƙarancin makonni a shekara bai kai a biya masa miliyoyi tun farko ba, kuma gazuwal ma ya taɓa yin ƙaranci a ƙasar a 2022, kafin a ƙara masa farashi.

Abin da dillali ba ya faɗa game da tsaro

A Diffa zaɓen mota ba maganar aljihu kaɗai ba ce. Tun harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, jihar ta shiga dokar ta-ɓaci. An hana hawa babur, abin da ya kashe sana'ar kabu-kabu, an taƙaita sayar da mai da takin zamani, an dakatar da cinikin kifi da tattasai na tsawon lokaci. Ƙauyen Yebi da ke kusa da Bosso, inda dubban mutanen da aka kwaso daga tsibiran tafkin Chadi suka fake, ya sha hari a Mayun 2016, kuma makonni kaɗan bayan haka harin Bosso na 3 ga Yuni ya kori dubun-dubatar mutane zuwa bakin kwalta.

Daga baya an sassauta wasu dokokin, tattasai da kifi sun dawo kasuwa, a 2021 ma an fara mayar da 'yan gudun hijira garuruwansu, farawa da Barwa. Amma satar mutane don kuɗin fansa da nakiyoyin da ake binnewa a hanya ba su ƙare ba. Kuma motar da ta fi dacewa da wannan ƙasa, Land Cruiser ko Hilux mai ƙarfi, ita ce motar da 'yan bindiga suka fi so. Farar kat-kat mai sheƙi tana iya kama da ta ƙungiyar agaji ko ta jami'an gwamnati, kuma tana sanar da kowa cewa gidan nan akwai mai aiko da kuɗi daga waje. Ɗan ci-ranin da ke son faranta wa mahaifinsa rai ya kamata ya auna wannan kafin ya aiko da motar da duk ƙauyen zai yi magana a kanta.

Wa ya kamata ya biya, kuma me zai duba

Manomi ko ɗan kasuwar da ke kwaso tattasai, albasa da shinkafa daga gonakin bakin Komadugu, mai jigilar fasinja da kaya zuwa Bosso ko N'gourti, da cibiyar lafiya ta karkara, waɗannan ƙarin kuɗin zai iya biya musu. Sharaɗin shi ne su nemi inji mai sauƙi, irin 1HZ ko 5L na Hilux, ko kuma motar da aka ƙera wa kasuwar Afirka da ƙasashen Larabawa, wadda ba ta zo da matatar toka da AdBlue ba. Wani amfanin kuma shi ne irin waɗannan ba sa faɗuwa a kasuwa idan aka tashi sayarwa.

Ko a nan ma kada a yi cinikin biri a sama. Lambar kilomita da ke gaban direba ba shaida ba ce, ana mayar da ita baya. A tayar da motar da safe tun injin yana da sanyi, domin lafiyayyen gazuwal yana tashi nan take. A duba hayaƙi: baƙi mai yawa alamar injekta ko toshewar iska ce, shuɗi na nufin injin yana ƙona baƙin mai, fari da ba ya ɗaukewa kuma yana iya zama ruwa ne ke shiga. A buɗe murfin baƙin mai yayin da inji ke aiki, in yana huci da ƙarfi to ya gaji. A leƙa ƙarƙashi a ga ko gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara ya ci shasi. A gwada giyar taimako a cikin yashi na gaske. Motar zamani kuwa sai an sa mata na'urar bincike, kuma makanikin da zai duba ya zama na mai saye ne, ba na dillali ba.

A tuna kuma cewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Nijar da Benin, kaya da yawa suka koma bin Lome ta Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da tsada. Kuɗin jigila da na duwan sun riga sun cinye wani kaso na abin da aka tara kafin motar ta iso Diffa, don haka dole a bar wani abu a gefe na tayoyi, juyen mai da gyaran farko.

Ga sauran jama'a, ma'aikaci, ɗan kasuwar cikin gari, da iyalin da ɗansu ke aiko musu daga waje, mota mai fetur da ke da tsawon ƙafa ta isa ta ratsa yashin unguwannin Diffa ta kuma kai Damagaram. Miliyan ɗaya ko biyun da suka rage za su sayi injin ban ruwa, su biya taki da ƙwadagon noman rani a bakin kogi, ko kuɗin makarantar yara na shekaru. Kafin a tura kuɗi, ɗan ci-rani ya tambayi gida abu biyu: wace hanya motar za ta riƙa bi a mafi yawan kwanakin shekara, kuma wane makaniki ne a garin ya taɓa gyara irin injinta. Idan amsar ta farko kwalta ce, ko ta biyun babu, to ya bar wa dillali gazuwal ɗinsa.